Ɗan Kasuwa da Manajan Kamfani: Yadda Kowannensu Ke Farautar Dama

A filinmu na kasuwa da kiwo na wannan mako mun ɗauko tambayar da ta shafi duk mai neman na kansa a bakin iyaka: in dama ta ɓullo, me ya sa ƙaramin ɗan kasuwa kan riga babban kamfani cafke ta, alhali kamfanin ne ke da kuɗi da motoci da ma'aikata? Ga abin da muka tattauna, mun rubuto maka don ka karanta a natse.

Bari mu fara da abin da ya faru a Kano. Layin dogo ya iso birnin a 1911, aka buɗe shi ga ɗaukar kaya a 1912. Turawan Ingila duk lissafinsu a kan auduga yake. Suna da wata ƙungiyar bunƙasa noman auduga da aka kafa a Mancesta a 1902, ta raba iri, ta kafa injin gurza a Zariya, ta zauna jiran jirgi ya kwashi auduga zuwa masaƙun ƙasarsu. Sai dai masaƙan Kano na gida sun fi Turawan sayen auduga da daraja, manomi kuwa ai ba ya kai kayansa inda za a taya masa da araha.

A daidai lokacin gyaɗa ta yi kuɗi a Turai, saboda ana matse manta ana yin sabulu da man shafa wa burodi. Fataken da suka saba safarar goro daga Gwanja suka ji farashi, suka baza yaransu ƙauyuka, suna ba manoma kuɗi tun kafin kaka a kan za a biya su da gyaɗa. Ƙarshen 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga cikin fataken goron da suka shiga wannan harka daga baya akwai Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

To, ka ga bambancin? Ƙungiyar Turawa ta riga ta zuba kuɗi a inji da iri da ma'aikata, don haka idonta na kan auduga ko da kasuwa ta juya. Fatake ba su da inji da zai ɗaure musu ƙafa. Abin da suke da shi sanin hanya ne, da sanin mutane, da amanar da ke tsakaninsu da manoma, sai suka juya waɗannan zuwa sabon kaya.

Wani malami a jami'ar Harvard ta Amurka, Howard Stevenson, ya yi bayanin wannan tun shekarun 1980. A ganinsa, mai tunanin ɗan kasuwa shi ne wanda ke bin dama ba tare da ya tsaya sai dukiyar da ake buƙata ta shigo hannunsa ba. Manajan kamfani tambayarsa ta farko ita ce: me aka danƙa mini, yaya zan tsare shi, me kasafin bana ya yarda in yi? Ɗan kasuwa kuwa cewa yake: ga kafa ta buɗe, wa zai ba ni kaya bashi, wa ke da mota da za ta koma babu lodi, wane dillali zai tsaya mini?

Kai makiyayi ka san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Habbanaye fa? Ɗan'uwa ya ba ka aron karsana, ka kiwata, ta haihu, ka riƙe ƴaƴan, ka mayar masa da uwar. Ka fara garke da saniyar da ba taka ba. Haka mai kai shanu daga Maigatari ko Illela zuwa kudu kan karɓi dabbobi a kan amana, ya biya bayan ya sayar. Jarinsa na gaske sunansa ne a kara.

Bambanci na biyu yana wajen lissafin hasara. Wata malama ƴar asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka, Saras Sarasvathy, ta yi nazarin gogaggun masu kafa kamfanoni, ta fitar da sakamakonta a 2001. Ta lura cewa ba sa ɓata lokaci wajen hasashen ribar da za su ci. Abin da suke fara yankewa shi ne: nawa zan iya rasawa ban durƙushe ba? Sai su gwada da wannan kaɗai. Kamfani kan yi bincike na watanni, ya kai takarda gaban shugabanni, in an amince ya zuba kuɗi masu yawa a tashi guda. Ɗan kasuwa kan kai buhu goma na wake ko albasa sabuwar kasuwa, ya ga yadda ta karɓe su, sannan ya yi maganar tirela. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Na uku shi ne yadda ake karɓar ba-zata. Ka tuna lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wanda ya ɗora rayuwarsa kaf a kan kaya iri ɗaya da hanya ɗaya ya sha wuya. Wanda ya saba juyawa ya koma sayen hatsi a cikin gida, ko turka raguna don Babbar Sallah, har hanya ta buɗe. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Amma fa kada ka ɗauka muna cewa tsarin kamfani shirme ne. Manaja dukiyar mutane yake riƙe da ita, albashin ɗaruruwa na wuyansa, dole ya yi taka-tsantsan. Kuma akwai abin da ya fi mu: rubutu. Ya san abin da ya shigo da abin da ya fita. Da yawa daga cikinmu kan sayar da kaya da naira, mu ga kuɗi sun cika aljihu, sai mun je wurin ɗan canji mun mayar sefa, mun cire kuɗin mota da la'ada da na duwan, mu tarar uwar kuɗin ma ta taɓu. Wani kuma kuɗin cefane da jarin kasuwa aljihu ɗaya suke kwana. Yawancin harkokin da ke mutuwa tare da mai su, rashin rubutu da rashin horar da magaji ne ke kashe su.

Saboda haka, malam, in sabuwar dama ta zo maka, yi wa kanka tambaya uku kafin ka kwance ɗan maraƙi ko ka taɓa jari. Me nake da shi yanzu, na kaya da na mutane? Nawa zan iya rasawa iyalina ba su kwana da yunwa ba? Wa zai shiga tare da ni mu raba riba da faɗuwa? Wanda ya sayar da rabin garke ya zuba a harkar da bai taɓa gwadawa ba, don kawai ya ji wani ya samu, caca ya yi. In kuwa gwajin ya karɓa, harka ta fara girma, to lokacin aron halin manaja ya yi: sayi littafi, rubuta bashi da ranar biya, ware jari daga kuɗin gida, ka koya wa yaro ko ƙane yadda ake yi.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare dabbobi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.