Rashin Wuta a Injin Mota da Hanyar Gano Musabbabinsa

Duk wanda ya saba bi ta tashar motar Kawo, a bakin hanyar Zariya daga arewacin birnin Kaduna, ba zai rasa jin wani bakanike yana cewa, "Ba ta kawo wuta," ba. Kalmar wuta a nan ta sami faɗaɗar ma'ana, domin abin nufi shi ne ɗan tartsatsin da fulogi ke fitarwa, wanda ke kunna gaurayen fetur da iska a cikin silinda. Idan babu shi, ko kwana aka yi ana murza makulli, inji ba zai tashi ba, sai dai batir ya mutu.

Wutar tana da hanyar da take bi. Batir ne ke ba da lantarki mai ƙarfin bolt 12, kwayil ya ninka shi zuwa dubbai, sannan a raba wa fulogogi. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kakuri da aka buɗe a shekarar 1975, disturbita ce ke yin wannan rabo. Saboda haka gwanin bakanike yakan faro daga ƙarshen hanyar, ya riƙa komawa baya.

Da farko zai kwance fulogi ɗaya, ya mayar masa da wayarsa, ya jingina jikinsa da ƙarfen inji, a murza makulli. Ba a riƙe shi da hannu tsirara. Shuɗin tartsatsi mai ƙarfi yana nuna cewa matsalar tana wani wuri dabam, wataƙila wajen mai. In bai ga komai ba, sai ya gwada babbar wayar da ta fito daga kwayil. Idan ita tana kawo wuta, to laifin yana ga murfin disturbita ko rotar da ke juyawa a cikinta. Da damina laima kaɗai kan haddasa haka, goge murfin kuwa ya wadatar. Idan kwayil ɗin ma shiru, sai a sa ƙwan gwaji a ga ko lantarki na isa gare shi. Rashin isarsa na nuni ga fiyus, ko makulli, ko tsinkewar waya. In yana isa, sai a duba kwantak, wanda kan ƙone ko bakinsa ya haɗe, da kuma kwandensa.

Motocin zamani ba su da kwantak. Wata 'yar na'ura ce kusa da karanshaf ke shaida wa ƙwaƙwalwar mota lokacin sakin wuta, kuma mutuwarta kan ɗauke wutar gaba ɗaya. Abin takaici, a nan ne wasu ke gaggawar ɗora laifi a kan ƙwaƙwalwar, su sa direba sayen kaya mai tsada, alhali wani lokaci soket ɗin na'urar ne kawai ya saki.