Baƙin garin da ke kan sabuwar filtar mai: ina gaskiya, ina ƙarya?

Akwai maganar da ke yawo a bakin direbobi da masu motocin gida a Maraɗi, daga garejojin cikin gari har tashar masu zuwa Tibiri. Cewa ake wasu sababbin filtocin baƙin mai suna zuwa da wani baƙin gari mai kaushi, kana buɗe kwali sai ka gan shi a yatsunka, kuma wai shi ne ke narkewa cikin mai ya sa inji ya buga. Wasu sun ƙara da cewa duk filtar da ta zubar da wannan gari jabu ce. Tsoron ba na banza ba ne, domin wanda motarsa ce gonarsa ya san abin da sauke inji yake ci. Sai dai maganar ta haɗa gaskiya da ƙarya wuri guda, kuma maganin da wasu ke yi mata ya fi cutar ɓarna.

Garin dai akwai shi. Wasu kamfanoni suna shafa wa ƙarshen gwangwanin filta wani fenti mai kauri da kaushi, don hannun da ya jiƙe da mai ya samu abin riƙo wajen ɗaurawa da kwancewa. Wanda aka fi sani da wannan shi ne kamfanin Fram na Amurka, mai filta ruwan lemo da baƙin kai, wanda ya sa wa shafen suna SureGrip. Kayan gyaran mota kuwa kafin su iso mu sun sha hanya: daga tashar jirgin ruwa ta Lome, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a bi ta Katsina, Jibiya da Ɗan Isa. Filta tana gogar kwalinta duk tsawon wannan tafiya, don haka ɓarɓashin shafen yana iya zubowa ya kwanta a gindin kwali ko ya maƙale a fuskar filtar. Wanda ya ce ya gani, bai yi ƙarya ba.

Inda ƙarya ta shigo shi ne cewa shafen yana gurɓata mai. A bayan gwangwani yake, mai kuma a ciki yake bi. Ko shafen ya goge ƙarƙaf, filtar tana aikinta yadda aka ƙera ta. Abin da aka rasa kawai shi ne sauƙin riƙo.

To in ɓarɓashin ya faɗa ciki fa? Nan ne ya kamata kowane mai mota ya tsaya ya fahimta, don amsar tana ga ramin da ya faɗa. Juya filta ka dubi fuskarta. Za ka ga ƙananan ramuka sun yi da'ira, da babban rami ɗaya a tsakiya mai zaren ɗauri. Famfon mai yana turo mai ta ƙananan ramukan, man ya cika gefen gwangwani, ya ratsa takardar tacewa mai ninki-ninki daga waje zuwa ciki, sannan ya fito ta ramin tsakiya ya wuce kai tsaye zuwa metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu da sauran sassan inji. Ke nan duk abin da ya shiga ta ƙananan ramuka yana da takarda a gabansa. Takardar filtar mota ta yau da kullum tana tare datti mai girman maikuron 20 zuwa 40, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikuron 70. Ɓarɓashin da ido ya gani har yatsa ya ɗauka ya ninka wannan sau da yawa, ba shi da hanyar ratsa takardar. Amma abin da ya faɗa ramin tsakiya ya riga ya tsallake mai gadi. Babu sauran tacewa tsakaninsa da metal, kuma tazarar da mai ke bi a wurin ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Don haka mai cewa garin ba ya komai ko ina ya faɗa, shi ma bai faɗi daidai ba.

Akwai kuma ɗan bawul a cikin filta, ko a jikin injin, wanda ke buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa idan takarda ta toshe ko mai ya yi kauri, kamar a sanyin asubar Disamba da Janairu. An yi shi ne don kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. Saboda shi ne nake ganin ko a ƙananan ramukan bai kamata a bar datti da gangan ba.

Gyaran abin bai kai minti ɗaya ba. A kifa filtar ramukanta na kallon ƙasa, a ɗan bubbuga ta a tafin hannu, a goge fuskarta da zoben robarta da tsumma mai tsabta, sannan a haska ramin tsakiya da fitilar waya. In ciki fes yake, a ɗaura. In an ga ɓarɓashi ko gutsuren ƙarfe a ciki ya ƙi fita, a mayar wa mai shago a karɓo wata. Abin da ke ba ni takaici shi ne ganin ana wanke sabuwar filta da fetur ko a hura mata iskar kwamfaresa da sunan tsabtace ta. Fetur yana iya lalata robar da ke hana mai komawa baya idan an kashe mota, iska mai ƙarfi kuma tana iya yaga takarda ko ta tura dattin can ciki. Filtar da ta fito kwali lafiya sai a nakasa ta kafin ta hau mota.

Batun jabu kuwa, shafen ba ya shaida komai. Filtocin Toyota, Mann da Bosch na asali galibi fentinsu sumul yake, ba wani kaushi. Mai yin jabu kuma bayan gwangwani ya fi iya kwaikwaya, tunda shi ne mai saye ke gani. A ciki yake cin ribarsa: takarda ƴar kaɗan, gam mai saki da zafi, wani lokaci ma babu bawul. Rashin nauyi a hannu, zaren ɗauri mai kaushi, tsatsa a fuskar ƙarfe, rubutun kwali da ya dusashe, da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. Mai gareji da ke son sanin gaskiyar kayan da yake saye ya yanka tsohuwar filta ɗaya ya nuna wa yaransa abin da ke ciki.

Masu noman rani a Jiratawa da bakin gulbin Maraɗi su kwantar da hankali: ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur yawanci ba su da filtar mai ko ɗaya, canjin mai a kan lokaci shi ne kariyarsu. Babura da dama na ƴan kabu-kabu ma ƴar rariyar waya gare su, wadda ake cirewa a wanke. Wasu motocin Toyota na baya-bayan nan kuwa takardar kaɗai ake canzawa, gidanta na nan jikin inji. Maganar ta shafi masu filtar gwangwani ne.

A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke cin injunanmu a wannan yanki shi ne ƙura. Hazon hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, har da kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da rairayin da ke tashi a hanyar Tibiri da ta Madarunfa, suna ɗauke da ƙwayoyin yashi masu ƙarfin kankare ƙarfe. Filtar da aka fidda daga ledarta aka jera a kan tebur a bakin titi tana shan wannan ƙura ta ramin tsakiya kullum. Haka yaron gareji da ya ajiye ta a ƙasa fuskarta sama kafin ya gama kwance tsohuwa, ko wanda ya cika ta da mai ta ramin tsakiya da mazurarin da ya kwana cikin turɓaya. Sannan ga al'adar yin juye biyu ko uku a kan filta ɗaya don a rage kuɗi: takardar tana toshewa, bawul ya zauna a buɗe, sabon mai ya riƙa zagayawa ba tacewa, mai mota kuma yana ganin ya yi wa injinsa gata.

Wurin ɗauri ma ana yin ɓarnar da ta fi ta kowane ɓarɓashi. Tsohon zoben roba yakan manne a jikin inji. In aka ɗora sabuwar filta a kansa, zobe biyu ba sa riƙe matsi, mai yana iya tsiyayewa a hanya cikin ƴan mintoci. Ƙa'ida ita ce a tabbatar tsohon ya fita, a goge mazaunin, a shafa wa sabon zobe ɗan mai, a murza da hannu har ya taɓa, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Don wannan ɗaurin hannu aka yi shafen tun farko. A tada mota, a jira fitilar mai ta mutu, a leƙa ƙasa a ga ko akwai ɗigo.

Masu gareji, yaranku ne ke ɗaura mafi yawan filtocin garin nan, ku koya musu wannan tun suna riƙe sifana. Kai kuma mai mota, ranar juye kada ka tafi shan shayi. Ka sayi filtar da ke rufe cikin kwalinta, a buɗe ta a gabanka, ka leƙa ramin tsakiya da idonka kafin a ɗaura.