Shin mutanen Adar na da sauran fata?

A Amurka da ƙuri'ar jin ra'ayi ake auna fatan jama'a. A Tabotaki ta gundumar Buza a yankin Adar kuwa, a tasha ake ganewa. Da an kai gero rumbu sai samari su kama hanyar Abijan, Libiya ko Najeriya cin rani, amma da yawa kan dawo shuka da faɗuwar damina.

Suna da hujja. A Keita maƙwabciyarsu, aikin da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO ya farfaɗo da fako. Mata ne suka fi dakon duwatsun tare ruwa, ana biyansu da abinci.

Sai dai gonakin gado suna ta tsukewa. Bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarsu a Yulin 2023 kuma iyakar Najeriya ta kasance a rufe har Maris 2024, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi.