Ilimin Zamantakewa a Shekarar Farko ta Jami'a: Me Ya Haɗa Shi da Kimiyya?

A kowace shekara, idan jami'o'i suka ɗauki sababbin ɗalibai, akan sami waɗanda aka ba gurbi a sashen ilimin zamantakewa, wato sosiyoloji, ko a fannin aikin kula da jin daɗin jama'a, alhali kuwa likitanci ko aikin lauya suka nema. Da yawansu sukan shiga aji jiki a sanyaye, domin a ganinsu abin da kowa ya sani ne za a koya musu: aure, iyali, sarauta da kasuwa. Takwarorinsu na ɓangaren kimiyya kuma sukan yi musu ba'a, su ce ai karatunsu hirar dandali ce. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu cewa darasin farko na wannan fanni horo ne na kimiyya, kuma akwai cututtukan da ilimin halittu ya san sirrinsu sarai amma bai iya kawar da su ba sai da taimakonsa.

Asalin fannin

Tun a shekarar 1377 Ibn Khaldun, haifaffen Tunis, ya rubuta Muƙaddima, inda ya nemi gano dalilan da ke sa dauloli su kafu, su bunƙasa, sannan su rushe. Ya danganta ƙarfin al'umma ga abin da ya kira asabiyya, wato dankon zumuncin da ke sa mutane su tsaya wa juna. Shi kuwa sunan sosiyoloji, Bafaranshe Auguste Comte ne ya yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1830. Abin lura shi ne, kafin nan fiziyar zamantakewa yake kiran fannin, domin burinsa a nazarci al'umma kamar yadda ake nazarin taurari da sinadarai.

Darasin da ke buɗe wa ɗalibi ido

Mafi yawan littattafan share fage sukan gabatar da aikin Emile Durkheim na shekarar 1897 a kan kashe kai. A zahiri babu abin da ya kai wannan zama al'amarin mutum shi kaɗai da zuciyarsa. To amma da Durkheim ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai, sai ya ga adadin kowace ƙasa ba ya sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara, kuma ya fi yawa a tsakanin gwagware a kan magidanta, da 'yan Furotesta a kan 'yan Katolika, sannan yana raguwa a lokacin yaƙi. Sai ya yi bayanin cewa gwargwadon yadda mutum ya cuɗanya da jama'arsa, gwargwadon kariyar da yake samu. Masana na baya sun yi gyara a wasu alƙalumansa, kuma haka kimiyya ta gada. Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne hanyar: idan abu ya sami mutum ɗaya, ƙaddararsa ce, idan ya riƙa samun dubban mutane masu yanayin rayuwa iri ɗaya, to akwai dalilin da ya kamata a bincika a tsarin zamansu.

Daga nan sai a koya wa ɗalibi kayan aiki. Akwai ɗaukar samfuri, wanda mu masu ilimin halittu muka saba da shi: kamar yadda ba a ƙirga kowace ciyawa a fadama sai dai a auna wasu 'yan murabba'ai da aka zaɓa ba tare da son rai ba, haka ba a tambayar kowane magidanci a gari. Akwai takardar tambayoyi, da hira ta baki da baki, da kuma zama cikin jama'a a lura da su. An yi irin wannan aiki a ƙasar Hausa. A tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954. Polly Hill kuma ta nazarci manoman Batagarawa kusa da Katsina, littafinta na 1972 ya nuna akwai tazara mai faɗi tsakanin manoma masu hali da matalauta a ƙauye guda, saɓanin zaton da ake yi cewa duk talakawan karkara ɗaya suke.

Misali daga kurkunu da shan inna

Mu ɗauki kurkunu. Ilimin halittu ya daɗe da bayyana rayuwarsa: mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar, bayan kimanin shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta ɓullo a ƙafa, mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, zagayen ya sake komawa. Cutar ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Binciken da aka fara a Nijeriya a 1988 ya gano masu ita fiye da 650,000. Aikin da ya rage duk na sanin jama'a ne: wa ke ɗebo ruwa a gida, wa ake jin maganarsa a ƙauye, me zai sa manomi ya tace ruwa da ƙyalle a gona, me zai hana mai ciwo shiga tafki. Da masu aikin sa kai na ƙauyuka da masu unguwanni aka yi nasara. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da ita.

Shan inna kuwa yana da rigakafi mai inganci da arha, amma a 2003 aka dakatar da bayar da shi a Kano saboda zargin an gurɓata shi, ba a ci gaba ba sai a Yulin 2004. A wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mai nazarin zamantakewa ba ya tsayawa ga cewa jahilci ne. Yakan tambaya: daga ina rashin amincewar ya samo asali? Mutane ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna mamakin yadda ake bin su gida gida da ɗigon kyauta alhali asibiti babu maganin zazzaɓi. Sai da aka shigo da sarakuna da malamai da mata 'yan unguwa sannan al'amarin ya gyaru. An ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Barno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020.

Aikin kula da jin daɗin jama'a

Dangantakar wannan fanni da ilimin zamantakewa kamar ta likitanci ce da ilimin halittu: ɗaya yana bincike, ɗaya yana aiki da sakamakon. A Amurka ya zama sana'a mai ƙa'idoji. Jane Addams ta buɗe gidan taimakon baƙi da matalauta a Chicago a 1889, Mary Richmond kuma ta wallafa littafi a 1917 da ya tsara yadda ma'aikaci zai binciki halin mai neman taimako, da iyalinsa, da maƙwabtansa, kafin ya yanke shawara. A shekarar farko ɗalibi yana koyon matakai uku na aikin, wato aiki da mutum ɗaya, da rukuni, da al'umma baki ɗaya, tare da ladubbansa: riƙe sirri, da guje wa yanke wa mutum hukunci, da barinsa ya zaɓa wa kansa.

Dubi matar da ta kamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. Likita zai ɗinke ta a asibiti irin na Babbar Ruga da ke Katsina. Amma sau da yawa aurenta ya mutu, ba ta da sana'a, kuma idan ta sake samun ciki ta haihu a gida ciwon na iya dawowa. Mai sasanta ta da danginta, ya nema mata abin yi, ya kuma fahimtar da miji wajibcin awon ciki, shi ne ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Kammalawa

Saboda haka, ɗalibin da ya sami kansa a wannan fanni kada ya raina shi. Ya dage da darasin ƙididdiga, domin shi ne ke raba bincike da hirar dandali, ya kuma koyi sauraren mutane da harshensu. Ɗaliban likitanci da aikin gona da ilimin halittu su ma ya kyautu su ɗauki darasin share fagen, ko da sau ɗaya ne, tun da duk maganin da suka gano da duk irin shukar da suka inganta, a hannun mutane zai ƙare.