Addu'ar Kirista da abin da muke nufi da "na bar wa Allah"

Wani dattijo da muke maƙwabtaka da shi a kasuwar Mile 12 a Legas ya taɓa tambayata: "Wai ku Kirista, ban da ranar Lahadi, yaushe kuke ganawa da Allah?" Na san 'yan'uwa da yawa a nan Kudu suna da wannan tambaya a rai, kunya ce kawai take hana su yi. To bari in yi bayani gwargwadon sanina.

Yawancinmu ba mu da ƙayyadaddun lokuta irin na salla. Amma gidan da aka riƙe ibada, da asuba maigida yakan tara iyali a karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa tun 1932, sannan a yi addu'a. Haka kafin cin abinci, haka kafin a kwanta. Mutum yana iya yi a durƙushe, a tsaye, ko a zaune cikin mota a cunkoson Ikorodu Road, da kowane harshe. 'Yan Katolika kuma suna da carbinsu da addu'o'in da suka haddace.

Tushen duka ita ce addu'ar da Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa, tana cikin Matiyu sura 6 da Luka sura 11. Abin lura shi ne jerinta a Matiyu. Ana fara girmama sunan Allah, a roƙi nufinsa ya tabbata, sai daga baya a zo kan abinci, gafara da tsari. Abincin ma na ranar kawai ake roƙo, ba na shekara ba. Ga ɗan kasuwa wannan darasi ne mai wuya, don mu kullum hankalinmu yana kan gobe.

Miƙa kai ga Allah kuma ba wai mutum ya yi kamar ba ya jin tsoro ba ne. A lambun Getsamani, daren da za a kama shi, Yesu ya yi addu'a har sau uku yana roƙon a ɗauke masa wahalar da ke tafe, amma ya bar zaɓin a hannun Allah. Wato ka faɗi abin da kake so ɓaro-ɓaro, sannan ka yarda cewa amsar ba lallai ta zo yadda ka tsara ba.

Ni sai da na ɗanɗana kafin na gane. Wata shekara motar da ta ɗauko mana tumatir daga Kano ta lalace a wajen Jebba. Rabin kuɗin kayan nan bashi ne. Na kwana ina addu'a, wallahi har da hawaye, amma motar ba ta tashi ba sai bayan kwana uku. Da aka sauke kwandunan, ruwa ne kawai ke zuba.

Addu'ar ba ta dawo mini da tumatir ba. Abin da ta yi shi ne ta hana ni gudu. Da na yi niyyar kashe waya in ɓuya, amma bakin da ya roƙi gafara da asuba, da wuya ya shirya ƙarya da hantsi. Na je na sami mai kuɗin na faɗa masa gaskiya. Ya yi faɗa sosai, daga ƙarshe muka yanka yadda zan riƙa biya kaɗan-kaɗan. Sai da na fi shekara kafin na gama.

Shi ya sa nake jan kunnen matasanmu masu cewa "na bar wa Allah" alhali suna kwance. Manzo Bulus, wanda da kansa ya riƙa ɗinkin tanti don ya ci da kansa, ya gargaɗi Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya sa ran abinci. Hausawa ma sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Naka ne ka roƙa, ka tashi ka nema, ka riƙe gaskiya. Sakamakon ne kake bar masa.

Da na gama ba dattijon nan labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai mu tawakkali muke ce masa." Na ce, "Baba, a aƙida kam mun bambanta, kowa ya sani. Amma ranar da kaya suka ruɓe a hanya, ni da kai duk wuri ɗaya muke kai kuka."