Gidan Dunmore: Daga Hidimar Fadar Birtaniya zuwa Filin Arfa

Daga cikin Turawan da suka sauke farali a farkon ƙarni na 20, babu wadda labarinta ya ja hankalin jaridun Ingila kamar Lady Evelyn Cobbold, wadda ta ɗauki sunan Zainab, ta kuma yi aikin Hajji a shekarar 1933 tana da shekara 65 a duniya. Masana tarihi na lissafa ta a matsayin Musulma ta farko haifaffiyar Birtaniya da ta yi wannan ibada. Sai dai ba za a fahimci yadda ta kai Makka ba sai an san gidan da ta fito, domin gida ne da ya shafe fiye da shekara 200 yana hidima a fadar sarakunan Birtaniya, kuma gata da sanayya da wannan hidima ta haifar su ne suka share mata hanya.

Asalin gidan daga ƙasar Sukotlan yake, sunan zuriyar kuwa Murray. A shekarar 1686 Sarki James ya naɗa Charles Murray sarautar Earl na Dunmore, wadda ita ce ta uku a jerin darajoji biyar na masu sarautar gado a Birtaniya, kuma babban ɗa namiji ne ke gadonta tare da filaye da gidajen da ke ƙarƙashinta. Aikin Charles a fada shi ne kula da dawaki da kekunan dokin Sarauniya, wato kusan aikin da Shamaki ke yi a fadar Kano. Bambancin shi ne, a Kano bayin sarki ne suka riƙe irin wannan muƙami, alhali a Birtaniya ta wancan zamani manyan 'ya'yan sarauta ne ke rububinsa, saboda a can kusanci da jikin sarki shi ne ma'aunin daraja, kuma ta nan ake samun gwamnoni da manyan hafsoshi. Earl na huɗu, John Murray, shi ne gwamnan Birtaniya na ƙarshe a yankin Virginia na Amurka, kuma 'yarsa Augusta ta auri ɗan Sarki George na Uku a 1793, amma aka raba auren a shekara mai bi domin an ɗaura shi ba da yardar Sarki ba, kamar yadda dokar auren gidan sarauta ta 1772 ta shar'anta.

A zamanin Sarauniya Victoria hidimar gidan ta ƙara ƙarfi. Kakar Evelyn ta wajen uba, Catherine, ta zama ɗaya daga cikin matan ɗakin Sarauniya daga 1841 zuwa 1845. Waɗannan mata matan manyan masu sarauta ne da ke karɓa-karɓa wajen zama da Sarauniya, suna raka ta bukukuwa da tafiye-tafiye, suna kuma taya ta hira da amsa wasiƙu. Muƙamin yana da nauyin siyasa ƙwarai, har ma a 1839 Robert Peel ya ƙi kafa gwamnati saboda Sarauniya ta ƙi sauya matan ɗakinta waɗanda mazajensu ke jam'iyyar abokan hamayyarsa. Mahaifin Evelyn kuwa, Charles Adolphus Murray, Earl na bakwai, ya yi aikin bafaden Sarauniya daga 1874 zuwa 1880, aikin da ya ƙunshi tsayawa a fada idan kwanansa ya zagayo da tarbar manyan baƙi a madadinta. Ƙanen Evelyn, Alexander, wanda ya sami lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya a yaƙin kan iyakar Indiya a 1897, shi ma ya riƙe wannan muƙami a fadar Sarki George na Biyar.

A wancan zamani, rayuwar irin waɗannan gidaje tana bin zagayen shekara ne. Daga bazara zuwa tsakiyar shekara sukan taru a Landan, musamman unguwar Mayfair, inda ake liyafa da raye-raye da kallon sukuwa, a kuma gabatar da 'yan matan da suka isa aure a gaban Sarauniya, al'adar da ba a daina ba sai a 1958. A irin waɗannan tarurruka ake ƙulla aure tsakanin gidaje, a haɗa mai suna da mai dukiya. Da watan Agusta ya kama sai a koma tsaunukan Sukotlan farautar tsuntsaye da barewa, idan hunturu ya shigo kuma masu hali su nufi ƙasashe masu ɗumi. Wannan rayuwa tana cin kuɗi matuƙa, kuma Earl na bakwai ya ɗanɗana kuɗarsa, domin katafaren gidan da ya gina a tsibirin Harris bai daɗe a hannunsa ba bashi ya sa aka sayar da shi tare da arewacin tsibirin.

Wannan al'ada ta ƙaurar hunturu ce ta kai Evelyn, wadda aka haifa a birnin Edinburgh a 1867, zuwa Aljiyas da Alƙahira tun tana ƙarama. A can ta tashi a hannun masu reno Musulmi, ta koyi Larabci, ta kuma saba da shiga masallatai tare da ƙawayenta. Ta bayyana daga baya cewa ba ta san wata rana takamaimai da ta musulunta ba, sai dai ta furta hakan a fili lokacin da Paparoma ya tambaye ta ko ita 'yar Katolika ce, ta amsa masa da cewa ita Musulma ce. A 1891, a Alƙahira, ta auri John Dupuis Cobbold, ɗan wani gidan attajirai masu kamfanin giya a garin Ipswich, suka rabu a 1922, ta fita da dukiya mai yawa da gandun farauta na Glencarron. Shigarta Musulunci bai raba ta da mutanenta ba, domin ta ci gaba da zama a Mayfair, ta kuma yi suna wajen harbin barewa.

Lokacin da ta ƙuduri niyyar Hajji, shiga Makka ba abu ne mai sauƙi ga Baturen da ya musulunta ba, saboda an sha samun Turawa da suka yi shigar burtu suka kutsa birnin, kamar yadda Richard Burton ya yi a 1853, don haka hukumomi ke tsananta bincike. Evelyn ta bi ta hannun Shaikh Hafiz Wahba, jakadan Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a Landan, wanda ya rubuta wa hukumomin ƙasarsa a kanta. Ta sauka Jidda a ƙarshen watan Fabrairu na 1933, ta zauna a gidan Abdullah Philby, Baturen da ya musulunta a 1930 ya kuma zama na hannun daman Sarki, har izini ya fito daga fada. Ta fara ziyarar Madina a mota, sannan ta ɗaura niyya ta shiga Makka, ta yi ɗawafi da sa'ayi, ta tsaya Arfa a watan Afrilu.

Shekarar ta kasance mai tsanani ga Hijaz. Karyewar tattalin arzikin duniya ta sa alhazan da suka zo daga ƙetare ba su wuce kimanin 20,000 ba, alhali kuɗin shigar sabuwar masarautar, wadda aka raɗa wa suna Saudiyya a watan Satumba na 1932, ya dogara ne kacokan ga mahajjata. Wannan matsi na daga cikin abin da ya sa aka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar mai da wani kamfanin Amurka a watan Mayun 1933. A daidai wannan zamani yawancin alhazan ƙasar Hausa a ƙasa suke tafiya, ta Barno da Chadi da Sudan, suna yada zango suna noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu su shekara da shekaru kafin su tsallaka Bahar Maliya. Evelyn kuwa jirgin ruwa da mota suka kai ta cikin makwanni, amma ibadar da ta tarar ɗaya ce da tasu, ba a kuma keɓe wa 'yar Earl wata Arfa dabam ba.

Littafin da ta wallafa a 1934 mai suna Pilgrimage to Mecca, wanda Hafiz Wahba ya rubuta wa gabatarwa, yana da muhimmanci ga masu nazarin tarihin Hijaz, domin kasancewarta mace mai jin Larabci ya ba ta damar shiga cikin gidaje ta zauna da matan Makka da Madina, wuraren da ke da wuyar isa ga marubuta maza. Ta rasu a watan Janairu na 1963 tana da shekara 95, aka binne ta a Glencarron bisa wasiyyarta, aka fuskantar da ita alƙibla, bayan wani limami daga masallacin Woking ya yi mata salla. Sarautar Dunmore tana nan har yanzu, sai dai ta koma hannun wani reshen zuriyar da ke zaune a Ostireliya, kuma tun bayan dokar 1999 yawancin masu sarautar gado sun rasa kujerunsu a Majalisar Dattawan Birtaniya.