Kafin Ka Kai Salansarka Wurin Mai Walda

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ƙarfe da ba ma tunawa da shi sai ya ruɓe, wato salansa. Yau ba a shiga ruga da ƙafa kamar zamanin iyayenmu. Daga Tamale zuwa dazukan Gushegu da Karaga, ko daga Paga da Bawku zuwa cikin Burkina, babur ne da Motor King da ƙaramar a-kori-kura ke kai mu. To amma yawancinsu salansarsu a ƙasa take, don kwalta aka yi ta, shi ya sa sai an gyara ta kafin ta dace da daji. Gyaran ne muke so a yi da ilimi.

Abin da muke gani a wurin yaranmu shi ne, sai a kai salansa wurin mai walda a farke ta, a cire kayan cikinta, wai don inji ya ƙara ƙarfi. Ƙara ce kawai ta ƙaru. Kamfani ya auna kafireta ne daidai da salansar da ya ɗaura. Idan aka huje ta, awon mai da iska ya kan ɓaci, inji ya riƙa zafi fiye da kima, har bawul ya ƙone, ƙarfin ja a cikin laka da yashi kuma ya ragu. Mu da kanmu mun biya kuɗin wannan karatu: wani mai walda ya farke mana ta Motor King ɗinmu, ba mu yi wata uku ba sai da aka sauke kan injin.

Ga kuma ɓarnar ƙarar. Kunnen saniya ya fi namu ji, kuma shanun ruga ba su saba da hayaniya ba. Ka shigo da babur yana ta-ta-ta, garke ya watse, mai ruga ya ɓata rai tun kafin a fara ciniki. Wajen lodi kuwa, san da ya firgita shi ke faɗuwa ya karye, kuma kowa ya san yadda farashin gurgun sa yake a Kumasi ko Tulaku.

Gyara na gaskiya abu uku yake nema.

Na farko, ruwa. Daga Agusta zuwa Satumba, musamman idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina, kogin Farar Volta da rafukansa sukan cika su shafe hanyoyin daji. A ɗaga bakin salansa sama da bututu mai faɗi ɗaya da na asali, kada a yawaita lanƙwasa, a ɗaure shi da maƙali mai roba don kada jijjiga ta tsaga waldar. Sai dai a sani, inda inji ke shaƙar iska ya fi salansa haɗari. In ruwa ya kai nan, magana ta ƙare. In kuma inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a tayar. A tura shi waje, a cire fulogi a duba tukuna.

Na biyu, wuta. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa ta zama kamar auduga. Bututun da ke kusa da inji yana iya wuce zafin digiri 400, wanda ya isa ya kunna busasshiyar ciyawa. Salansar da aka huje kuma tana feso da tartsatsin baƙin da ya taru a ciki. Maganinsa ragar ƙarfe ce mai ƙananan ƙofofi a bakin salansa. A Amurka ba a barin babur ya shiga dajin gwamnati sai da ita, kuma ƙofofin ragar ba sa wuce kimanin rabin milimita. A riƙa cire ta ana gogewa, don in ta toshe inji zai shaƙe. A sa faranti a ƙarƙashi, a riƙa zare ciyawar da ta maƙale, kuma kada a tsaya a kan doguwar ciyawa da inji mai zafi. Manyanmu ba su manta da gobarar dajin 1983 ba, wadda ta cinye gonaki da abinci a faɗin Ghana. Bayanta aka yi dokar hana gobarar daji ta 1990, mai lamba 229, kuma a wurinta duk wanda aikinsa ya jawo wuta ta ƙwace, shi ya kunna ta. Ban da hukuma ma, ciyawar da ta ƙone abincin shanun da za mu saya ne, ga rigima da manoma wadda ba ta ƙarewa da sauƙi.

Na uku, hayaƙi. A cikinsa akwai guba marar launi marar wari. In salansa ta huje a ƙarƙashin bodi, ga tampol a rufe, maruƙa da yaron da ke tsaronsu su ke shaƙa. Alamarta ciwon kai da jiri da barci mai nauyi. Bakin salansa ya fita baya ko gefe, ya wuce ƙarshen bodi, kuma a toshe duk inda take yoyo.

Saboda haka, in taka ta ci tsatsa, nemi sabuwa irin ta asali ko mai kauri daga Suame Magazine a Kumasi, ka tsaya a kan mai walda har ya gama. Bayan an ɗaura, makanike ya daidaita kafireta, a yi tafiyar yini guda a duba fulogi: in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, in ruwan ƙasa ne, an dace. Kuɗin wannan duka bai kai kuɗin ɗan maraƙi ɗaya ba.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.